ASALIN KALMAR "BAYIS": DAGA KURANGAR INABI ZUWA KASUWAR JIMETA

 A wannan fitowar muna so mu taɓa wani batu wanda da jin sa mutum zai ce ƙarami ne, amma da muka bi sawunsa sai ya kai mu inda ba mu zata ba.

Abin ya faro ne daga musu. Ran wata Lahadi bayan an tashi daga taron wata-wata, muna zaune a ƙofar gidan wani ɗan'uwa a nan Adarawo ana shan shayi, sai ga mataimakin shugaban ƙungiya ya iso a makare. Wani ya ce, "To, ga Bayis nan, a ba shi wuri." Sai wani dattijon makanike da ke cikinmu ya yi dariya ya ce, "Ai Alhaji sunansa ɗaya da ƙarfen da ke garejina. Bature ya sa wa ƙarfen nan suna bayis ne don shi ne mataimakin makanike, shi ke riƙe masa aiki, kamar dai yadda Alhaji ke riƙe wa Shugaba." Aka bushe da dariya, rabin mutane suka ce wallahi haka ne. Wani matashi malamin makaranta ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, ba haka ba ne." Da aka ce ya kawo hujja, sai ya yi shiru. Daga nan dattijon ya juyo gare mu ya ce, "Alhaji, ku da kuke sayar da shi shekara da shekaru, ku za ku raba gardamar nan."

Gaskiya mun ji kunya. Fiye da shekara 30 muna sayar da kayan ƙarfe, tun muna yara a shagon mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, amma ba mu taɓa tsayawa mun tambayi inda sunan ya fito ba. Mu dai Islamiyya muka yi, bokonmu bai yi nisa ba. Saboda haka muka sa yaranmu da suka yi karatu suna karanto mana ƙamus-ƙamus na Turanci, mu kuma muka koma ga namu na Larabci, sannan muka zauna da tsofaffin maƙera da makanikai. Ga abin da muka samo.

MENE NE BAYIS?

Saboda waɗanda ba sana'arsu ba ce, bayis wani ƙarfe ne mai nauyi da ake ɗaurewa a jikin teburin aiki. Yana da muƙamuƙi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya yana tafiya. Wata doguwar kusa mai murɗaɗɗen zare a jikinta, wanda makanikai ke kira tiredi, ita ke ratsa su. In ka juya hannunsa dama sai bakin ya tsuke, in ka juya hagu sai ya buɗe. A kasuwa da faɗin bakin ake sayar da shi, a ce mai inci 4, ko 6, ko 8. Akwai na makanike, akwai na kafinta wanda ake sa wa katako a baki don kada ya ji wa aiki ciwo, akwai na masu aikin famfo mai haƙoran riƙe bututu.

Hikimar da ke ciki ita ce wannan zaren. Yana mai da ɗan juyin da hannu ya yi ya zama matsi mai ƙarfin gaske, kuma in ka saki hannunka ba ya warwarewa da kansa. Wato ka matse, ka tafi ka yi salla, ka dawo ka tarar da aikinka yadda ka bar shi. Mai aiki kuma ya sami hannunsa biyu, ɗaya ya riƙe zarto ko magagari, ɗaya ya daidaita. A riƙe wannan bayani na zare, domin a nan asalin sunan yake.

KAFIN ZUWAN BAYIS

Kada wani ya ɗauka kakanninmu ba su da abin riƙe ƙarfe sai da Bature ya zo. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Masu tarihin baka ma suna cewa waɗanda suka fara zama a gindin dutsen Dala maƙera ne, Abagayawa, da suka taso daga Gaya suna neman tama, kuma wai sunan babbansu Kano, shi garin ya ci suna. To, maƙerin da ke fito da jan ƙarfe daga wuta ai ba da hannu zai kama shi ba. Abin da yake kamawa da shi shi ne awartaki.

Awartaki ƙarfe biyu ne da aka gicciya aka haɗa su da kusa a tsakiya, baki gajere, hannu dogo. Tsawon hannun shi ke ƙara wa maƙeri ƙarfin riƙo, shi ke kuma nisanta shi da wuta. Kalmar tana nan cikin babban ƙamus na Bargery da aka buga a 1934. A wasu wuraren kuma za ka ji an ce arautaki, an juya haruffan, kamar yadda ake cewa hawainiya da wahainiya, ko bagaruwa da gabaruwa, ko gauraya da garwaya. Kalmar da ta daɗe a bakin mutane har ta rabu gida biyu haka, ka san ba jiya ta zo ba.

Awartaki yana da ƙanne. Akwai hantsaki, na kama ƙananan abubuwa, akwai matsefata ta cire ƙaya, wadda dā matafiyi ba ya rabuwa da ita. Sauran kayan maƙera kuwa su ne uwar maƙera da ake dukan ƙarfe a kanta, da masaba, da guduma, da zugazugi, da magagari. In an lura za a ga wasu daga cikin sunayen nan da "ma" suka fara, kamar mabuɗi, da ma'auni, da magirbi, da masassabi. Haka Hausa ke ƙera sunan kayan aiki, ta ɗauki aikin ta sa masa "ma" a gaba. Da a ce Bahaushe ne ya ƙirƙiro bayis, da watakila mamatsi ko madamƙi zai kira shi. Tun da ba haka ake kiran sa ba, wannan ma alama ce ta cewa baƙo ne.

Wani tsohon maƙeri da muka zauna da shi a Jimeta ya faɗa mana wata magana da ta buɗe mana ido. Ya ce, "Ɗana, mu a zaune muke aiki, su a tsaye." Da muka yi tunani sai muka ga gaskiyarsa. Maƙerin gargajiya a ƙasa yake zama, uwar maƙera a gabansa, awartaki a hagu, masaba a dama, yaro yana zuga. Masassaƙi da ƙafa yake take icce yana sara da gizago. Baduku da yatsun ƙafa yake riƙe fata ko zare. Wanda yake zaune a ƙasa ƙafafunsa su ne bayis ɗinsa. Shi kuwa bayis sai da tebur, tebur kuwa sai mai aiki a tsaye. Saboda haka bayis bai zo shi kaɗai ba, tare ya zo da benci, da kafinta, da makanike, da mai walda, wato da wata sabuwar hanyar yin aiki ɗungurungum.

MU DA ADAMAWA

Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna a Gurin, ya zauna a Ribaɗu, kafin ya kafa Yola a 1841. Ya rasu a 1847, ɗansa Lamiɗo Lawal ya gaje shi. A zamanin Lawal ne Baturen nan na Jamus, Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Yola a watan Yuni na 1851, amma kwana kaɗan ya yi aka sallame shi. Cikin wannan ƙarni fataken Hausawa da Barebari suka riƙa kwararowa Fombina, wasu su tsaya a Yola, wasu su zarce Garwa da Ngaundare da Tibati da Banyo. Suna kawo tufafi da kayan fata da sauran kayan ƙasar Hausa, suna komawa da hauren giwa. Kuma tun da tarihi muke rubutawa dole mu faɗi gaskiya, har da cinikin bayi a cikin fataucin wancan zamani. A bayan fatake kuwa kullum akwai masu sana'a, su maƙera da marina da dukawa da mahauta da wanzamai, da malamai.

Ko sunayen unguwanni suna ba da labari. Duk mai jin Hausa in ya ji Gwadabawa, da Alkalawa, da Limawa, da Yelwa a Jimeta, ya san ya ji muryar gida. In ya ji Nassarawo zai tuna da Nassarawa. In kuma ya ji sunan unguwarmu Adarawo, zai tuna da Adarawa, mutanen ƙasar Adar ta wajen Tawa a Jamhuriyar Nijar.

Amma a nan akwai abin da ya kamata mu kiyaye, musamman mu da muke zaune a ƙasar da ta karɓe mu. Ba mu ne muka kawo ƙira Adamawa ba. Mun tarar da masu ita. Mutanen Verre da ke duwatsun kudu da Yola sun shahara da ƙira da zubin tagulla. Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali ta yi ɗaruruwan shekaru tana narka tama tana sayar wa maƙwabta ƙarfe, har zuwa wajen tsakiyar ƙarni na 20 lokacin da ƙarfen Turawa da tarkacen motoci suka kashe kasuwar. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ma ta farko a Nijeriya. Abin da ya faru shi ne cuɗanya, kowa ya ba da nasa ya karɓi na wani. Ga misali, Fulanin yamma suna kiran maƙeri baylo, amma a Fulatancin Adamawa kilaajo ake cewa, kuma duk mai kunne zai ji kusancin "kila" da "ƙira". Hausawa suka ce ƙarfe ɗaya ba ya amo.

TA INA BAYIS YA SHIGO?

A Kano jirgin ƙasa ne ya kawo yawancin kayan Turawa, tun da ya isa can a 1911. Mu kuwa nan dogo bai taɓa zuwa ba. Hanyarmu ita ce kogin Binuwai. Cikin shekarun 1880 kamfanin Turawan Ingila, wanda ya sami takardar izinin sarauta a 1886 ya zama Royal Niger Company, ya girke wani jirgi a kan ruwa kusa da Yola ya mai da shi kanti. Dangantakarsu da Lamiɗo Zubairu, wanda ya hau a 1890, ba ta yi daɗi ba. Ran 2 ga Satumba 1901 sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Morland suka zo ta ruwa suka ci Yola, suka naɗa Bobbo Ahmadu, shi kuwa Zubairu aka kashe shi a 1903.

Daga nan Jimeta ta fara girma a matsayin tashar jiragen ruwa da mazaunin Turawan mulki da kamfanoni irin su John Holt da UAC. Jiragen ba sa iya zuwa sai ruwa ya cika, daga wajen Yuli zuwa Oktoba. Su sauke gishiri da kananzir da kwanon rufi da siminti, su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu. Jirgi mai inji kuwa dole sai da mai gyara, mai gyara dole sai da teburin aiki. Haka nan ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e, inda ake koya wa yara kafinta da gyaran mota. A irin waɗannan wurare ne kakanninmu suka fara ganin wannan ƙarfe, suka ji Bature ko akawu ko makaniken da ya zo daga Kudu yana kiran sunansa. Da motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu, sai gareji-gareji suka bazu, sunan ya fita daga ma'aikata ya shiga kasuwa. Da Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976 gine-gine suka tashi, masu walda da masu famfo suka ƙaru, a lokacin ne mahaifinmu ya bar sayar da fartanya da lauje kaɗai ya shiga sayar da kayan aikin zamani.

ASALIN KALMAR

To, yanzu mu zo kan gardamar. Kalmar da Bature ke faɗa ita ce vice. Yadda ta zama bayis a bakinmu abu ne mai sauƙi. Na farko, Hausa ba ta da harafin "v", duk inda ta gamu da shi sai ta mai da shi "b". Dubi direba, da sabis, da biza, da bidiyo, da shebur, da talabijin. Na biyu, harshenmu ba ya son tagwan wasali ya zo da baƙi a rufe a bayansa, sai ya raba gaɓar biyu. Shi ya sa muke cewa fayil, da kwayil, da tayil. Ta haka gaɓa ɗaya ta Bature ta zama biyu, ba-yis. Irin wannan gyaran ne aka yi wa ɗan'uwansa filaya, inda "p" ta koma "f" kamar a fensir da famfo da fenti. Ita ma filaya asalinta wata kalmar Faransanci ce mai nufin lanƙwasawa ko ninkewa.

Inda dattijonmu ya ruɗe, kuma ba laifinsa ba ne, shi ne Turanci yana da kalma uku masu rubutu ɗaya da furuci ɗaya, amma kowacce da gidan ubanta. Dukkansu daga Latin suka fito, wato harshen Rumawan dā. Ta farko ita ce ta mataimaki, irin ta bayis ciyaman, asalinta kalma ce mai nufin "a madadin", wanda ke tsayawa a gurbin wani. Ta biyu tana nufin mugun hali, daga vitium, wato aibi. Ta uku ita ce tamu ta ƙarfe, kuma ba ta haɗa komai da waɗancan ba sai kamar fuska. Amurkawa ma don gudun wannan ruɗani sun bambanta rubutun, suna rubuta ta ƙarfen da "s", vise. Mu ma muna da irin wannan a Hausa. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, fari na launi da fari na rashin ruwa haka, amma ba wanda zai ce daga tushe ɗaya suke.

Ita tamu ta ƙarfe Turawan Ingila sun aro ta ne daga tsohon Faransanci, vis, wajen shekara ta 1300. A lokacin ba ta nufin abin matsewa. Tana nufin duk abin da yake a murɗe, kamar kusa mai zare, ko matakalar bene mai zagayawa. Sai wajen 1500 aka fara kiran abin matsewar da wannan suna, saboda kusa mai zaren da ke cikinsa. Akwai wani littafin zane-zane da aka yi a birnin Nurambag na Jamus a 1505 wanda ya nuna teburin aiki da irin wannan mamatsi a jikinsa. Su kuma Faransawa sun gaji kalmar daga Latin, vitis, wato kurangar inabi. Duk wanda ya ga yadda inabi ke fitar da 'yan siraran hannuwa suna nannaɗe sanda, ko ya ga yadda wake ke kanannaɗe karan dawa a gona, ya ga hoton zaren kusa. Allahu Akbar! Ashe ƙarfen da ya fi kowane nauyi a shagonmu sunan tsiro mai laushi yake ɗauke da shi.

Abin da ya ƙara ba mu mamaki shi ne ashe kalmar ta shigo mana ta ƙofa biyu. Mu da muke ciniki da mutanen Garwa da Marwa mun saba jin makanikansu suna kiran kusa mai zare "bis", abin da muke kira sukudireba kuma su ce "turnabis", wato mai juya bis. To, wannan "bis" ɗin ita ce uwar "bayis". Ɗaya ta biyo ta Ingila da Lakwaja ta hau Binuwai, ɗaya ta biyo ta Faransa da Duwala ta gangaro Garwa, suka haɗu a kasuwar Jimeta ba su san juna ba. Shi kuwa bayis ɗin kansa Faransawa wani suna daban suke kiran sa, étau.

Wani abin sha'awa kuma, a dā kowane maƙeri a Turai yadda ya ga dama yake yanka zaren kusarsa, notin wannan ba ya shiga kusar wancan. Wani injiniya ɗan Ingila, Joseph Whitworth, shi ya kawo shawarar a daidaita awon zaren ya zama iri ɗaya, kuma ya yi haka ne a 1841, shekarar da Modibbo Adama ya kafa Yola. Daidaita awon nan na cikin abin da ya sa aka iya yin kayan inji da yawa da araha har suka iso gare mu.

ABIN DA LARABAWA KE CEWA

Da muka koma ƙamus ɗinmu na Larabci sai muka ga su ma suna da tasu hikimar. Awartakin maƙeri suna kiran sa alkalbatani, daga kalbu, wato kare, an tagwaita shi, saboda baki biyun da ke cizo su riƙe ba saki. Cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura guda mai sunan ƙarfe, Suratul Hadid, sura ta 57. A tafsirinta Imam Ɗabari ya kawo ruwaya daga Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, da ke ambaton cewa cikin abubuwan da suka sauko tare da Annabi Adamu, alaihis salam, akwai uwar maƙera da awartaki da guduma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana matsayin da magabata suka ba kayan sana'a.

Bayis kuwa Larabawa suna kiran sa milzama, daga tushen lazima, wato ya riƙe bai rabu ba. Daga wannan tushen muka sami lazimi, da "ya lizimci wuri". Su ba su ari sunan Bature ba, sun ƙera nasu a kan ma'aunin da malamanmu na sarfu suka koya mana na sunan kayan aiki, kamar miftahu, mabuɗi, da mibradu, magagari, da mizanu, ma'auni. A lura da yadda "mi" ɗinsu ta yi kama da "ma" ɗinmu. Masana harsuna sun sa Hausa da Larabci da harshen Buzaye cikin babban dangi ɗaya, kuma wannan "m" ta farkon suna tana cikin alamun dangantakar.

INA RUWANMU DA WANNAN?

Wani zai ce, to Alhaji, duk wannan dogon bayani me zai ƙara mana a aljihu? Za mu ba da misali biyu daga shagonmu.

Bayan an shigo da tsarin SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, kayan Ingila irin su bayis ɗin Record na birnin Shafil suka fi ƙarfin talaka. Kasuwa ta cika da wasu masu araha, fentinsu na sheƙi. Wata shekara muka saro guda goma sha biyu a hannun wani dillali, muna murna mun yi dace. Wani mai walda, maƙwabcinmu, ya sayi ɗaya bashi. Bai yi wata guda ba ya dawo da shi a buhu, muƙamuƙin ya rabe biyu. Ashe ƙarfen zubi ne marar kyau, irin wanda ba ya jure dukan guduma, zaren kusar kuma ya cinye. Mahaifinmu ya ɗauki guntun ya duba, ya ce a yafe masa bashin, sauran sha ɗayan kuma kada a sake sayar wa mai dukan ƙarfe ko ɗaya. Ya ce mana, "In za ku sayi bayis, ku bar kallon fenti, ku kwance shi ku dubi zaren." Mun yi asara a wannan shekara, amma mai waldan nan har ya bar sana'a bai sayi kaya a wani shago ba. Yau da muka gano cewa sunan kansa zaren yake nufi, sai muka ce Allah ya ji ƙan tsoho, ya san asalin abin ko da bai san asalin sunan ba. Araha dai ba ta ado.

Misali na biyu shi ya fi damun mu. Kwanakin baya wani dattijo ya zo daga ƙauye ya ce wa yaron shagonmu, wanda jikan Bakano ne haifaffen Jimeta, a ba shi awartaki. Yaron ya ce, "Baba, ba mu da shi." Alhali ga su nan rataye a bayansa, maƙeran garin nan ne ma suke kawo mana. Da ba mu fito daga ciki ba da ciniki ya wuce. Yaron ya san filaya, ya san sufana, ya san bayis, amma bai taɓa jin awartaki ba. Muka tambaye shi masaba, bai sani ba. Matsefata, ya ce ko abin taje kai ne.

Ba muna cewa aro laifi ba ne. Hausa ta ari littafi da alƙalami daga Larabawa, ta ari takobi da raƙumi daga Buzaye, ta ari mota da tebur daga Turawa, ba abin da ya rage ta. Bayis ya zama ɗan gida, ba mai korar sa. Abin tsoro shi ne baƙo ya shigo, ɗan gida ya fita ta bayan gida ba wanda ya lura. Mu da muke zaune nesa da Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau, mu wannan ya fi shafa, domin yaranmu Hausar kasuwa da ta waya suke tashi da ita, ba su da kaka maƙeri a zaure da za su ji waɗannan sunaye a bakinsa. Ranar da sunan ya ɓace, sanin aikin ma yana bin sa, kuma shaidar cewa kakanninmu da sana'a a hannu suka zo garin nan, ba da ƙoƙon bara ba, ita ma ta tafi.

Saboda haka muna ba shugabannin ƙungiya shawara. A sa matasa biyu ko uku masu karatu su zagaya wurin tsofaffin maƙera da dukawa da marina da masassaƙa da suka rage a Yola da Jimeta, su rubuta sunan kowane kayan aiki da amfaninsa, su ɗauki hotonsa, su kuma tambayi sunansa da Fulatanci da sauran harsunan maƙwabtanmu. A riƙa buga shafi ɗaya a kowace fitowa ta wannan mujalla. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki nauyin kuɗin motar yaran. Dattawan nan ba su da yawa, kuma kullum raguwa suke yi.

Game da musun da ya jawo wannan rubutu kuwa, mun koma mun gaya wa dattijon makanike abin da muka samo. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To Alhaji, na yarda malamin makaranta ya yi gaskiya. Amma duk da haka ku gaya wa Bayis ɗinmu ya riƙa riƙe aiki kamar na garejina." Mun isar da saƙo.

Wanda ya ga kuskure cikin abin da muka rubuta, ko yake da ƙarin bayani, musamman 'yan'uwanmu maƙera, ƙofa a buɗe take, ya aiko wa mujalla. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ji ƙan magabatanmu, ya zaunar da Jihar Adamawa da Nijeriya lafiya, amin.